Kafin ka ce katin hoton laftof ya gaza

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa laftof ɗin da aka kawo maka take ɗauke da tambarin NVIDIA a jikinta, amma Photoshop ya ƙi juya allon aiki, ya kuma dusashe akwatin da ake latsawa don amfani da katin hoto, har kana tunanin shawartar mai ita ya sayi wata. Kada ka yi gaggawar faɗa masa haka, domin a mafi yawan lokuta katin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ba ta gan shi ba.

Irin wannan laftof tana da injin hoto guda biyu. Akwai ƙarami, na Intel ko AMD, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar yana aron ma'adana daga RAM, akwai kuma babban, wato katin NVIDIA ɗin, mai ma'adanarsa ta kansa, wanda ake barinsa a kwance don kada ya cinye batir. Shi kuwa Photoshop da guda ɗaya kawai yake aiki, saboda haka idan Windows ya miƙa masa ƙaramin, to da shi zai zauna, ko da babban yana gefe. Shiga saitin Windows, ɓangaren allo, ka nemi saitin girafik, ka ɗora Photoshop a kan zaɓin ƙarfi mafi girma, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗe ta. Ka kuma jona caja kafin ka gwada, domin a kan batir laftof takan rage wa katin ƙarfi.

Idan akwatin bai buɗe ba, direba za ka duba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da katin. Rubuta dxdiag a wurin bincike na Windows, za ka ga sunan kowane kati da ranar direbansa da matakin DirectX da yake ɗauka, wato hanyar da manhajoji ke bi su yi aiki da katin. Photoshop na yanzu yana neman DirectX 12 a Windows, ko takwaransa Metal a kwamfutocin Apple, tare da ma'adanar hoto da ba ta gaza gigabait 1.5 ba, ana kuma son 4 idan allon 4K ne. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin Windows kan rubuta DirectX 12 a shafin farko, alhali wannan na tsarin ne, matakin katin kansa yana shafin da ke nuna katin (Display ko Render). Ni dai nakan fara da direban da kamfanin laftof ɗin ya fitar, saboda shi ya san yadda aka haɗa injinan biyu, sai idan ya tsufa ainun nake komawa ga na NVIDIA mai suna Studio.

Sannan ka tambayi mai ita irin aikin da yake yi, domin ba kowane aiki ne ke jingina da katin ba. Yanke hoto da gyaran haske da launi suna tafiya ko da ƙaramin inji. Amma juya allon aiki da tacen da ke mayar da hoto kamar zanen fenti ba sa aiki sam sai da kati mai dacewa, shi kuwa Denoise, wanda Adobe, kamfanin Photoshop, ya saka a wata manhajarsa mai suna Lightroom a 2023 don share ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto, yana iya cin mintuna a kan ƙaramin inji inda babban kati zai gama cikin daƙiƙu.

Idan har ka tabbatar katin ya tsufa, ka tuna cewa a kusan dukkan laftof an liƙa shi ne da dalma a jikin allon uwa, wato babban faifan da ke ɗauke da sassan kwamfutar, ba a cire shi a sauya. Nan ne maganar sayen wata take tasowa, kuma kada suna ya yaudare ka: RTX 4070 na laftof gigabait 8 gare shi, na kwamfutar tebur kuwa 12. Je ka buɗe dxdiag, ka rubuto mini abin da shafukan katunan biyu suka nuna.