Ba Kowace "Argue" Ce Gardama Ba

Wata ɗalibar jami'a ta aiko da tambaya daga Zariya: "Malam, na fassara 'the writer argues that' da 'marubucin ya yi gardama cewa', sai malaminmu ya ja wa jimlar layi da jan biro. Ƙamus ɗina kuma ya jera argue, claim, assert, allege, contend da maintain a wuri ɗaya, wai duk ma'anarsu guda. Wa ke da gaskiya?"

'Yata, malaminki ne ke da gaskiya. Ƙamus ya nuna miki 'yan gida ɗaya ne, amma bai gaya miki halin kowannensu ba.

Gardama a wurinmu sai da mutum biyu, kuma sai da ɗan zafi. Ki tuna mai kanti da wanda ya ci bashin sukari: wannan na buga hannu a kan teburi yana cewa kwano uku ne, wancan na rantsuwa biyu ya karɓa, jama'a sun fara taruwa. Wannan ita ce "argue with", wato musu, cacar baki, sa-in-sa. Amma idan "that" ta biyo bayan kalmar, ko "for", ko "against", babu abokin faɗa a wurin. Mutum ne ya zauna a natse yana jero dalilai don ya gamsar da ke. Asalin kalmar ma daga Latin take, "arguere", wadda ke nufin bayyana abu ya fito sarari. Don haka abin da ya kamata ki rubuta shi ne "marubucin ya kafa hujja cewa", ko "marubucin yana ganin cewa" idan dalilan nasa na tafe a gaba. Haka ma "make a case for": ba shigar da kes kotu ba ne, kawo hujjojin da ke goyon bayan abu ne.

Inda na fi so ki buɗe ido shi ne "claim". Tushenta "clamare" ne, ɗaga murya. Mai yin ta ya faɗi magana, amma bai aje shaida ba tukuna, kuma wanda ya zaɓi kalmar yana nuna miki ne a fakaice cewa shi bai ɗauki nauyin zancen ba. Gidajen rediyonmu sun saba fassara ta da "iƙirari", har kunne ya saba. Sai dai in kika shiga zauren masu karatun fiƙihu za ki tarar iƙirari a wurinsu amsa laifi ne ko amsa bashi, mutum ya yarda da abin da ke kansa. Abin da mai ƙara ke nema kuwa sunansa da'awa. Duk wanda ya hardace Arba'una Hadisi ya san na 33, inda aka ce kawo shaida na kan mai da'awa, rantsuwa kuma na kan wanda ya musa. Ba na cewa a daina faɗin iƙirari, harshe na tafiya da masu shi, amma a maganar gado ko gona ko bashi, da'awa ta fi zama daram.

Kuma muna da wata 'yar ƙaramar kalma da nake jin zafin yadda masu fassara ke raina ta: "wai". Saurari bambancin "ya ce ya biya" da "wai ya biya". Harafi uku kacal, sun gama aikin da Bature ke buƙatar "claim" ta yi masa. Kakarki da ba ta taɓa shiga aji ba ta san inda ake saka ta, ta kuma san inda saka ta zai jawo gaba tsakanin dangi.

Sauran ba su da wuyar sha'ani. "Assert" faɗa ce da ƙarfin gwiwa, sai ki ce ya jaddada. "Contend" ta samo asali daga kalmar da ke nufin ja ko miƙe abu, kin ga kuwa mu ma daga "ja" muka samo jayayya. "Maintain" asalinta riƙewa a hannu, kuma ana amfani da ita ne ga wanda aka ƙalubalanta bai janye ba, wanda mu za mu ce yana nan a kan bakansa. Idan ya ƙara taurin kai ya koma "insist", to ya dage ke nan, ya nace, ko ya kafe.

Me ya sa kusan dukkansu ba asalin Ingilishi ba ne? Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Ingilishi, saboda talakawa ba sa gane abin da ake faɗa a kansu gaban alƙali, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Kafin nan wasu daga cikin kalmomin sun riga sun yi saiwa. Irin hanyar da hujja, dalili, shaida, tuhuma da hukunci suka bi ke nan daga Larabci zuwa bakinmu, ta zauren malamai da na alƙalai.

Wani direban mota daga Maraɗi kuma ya tambaya: "Malam, don me 'yan jarida ke cewa 'ana zargin' mutum ko da an kama shi da kaya a hannu? Ba an ce gani ya kori ji ba?"

Ɗan'uwana, "ana zargin" ita ce "allege" ta Turawa, kuma ina tare da 'yan jaridar a nan. Karin maganar da ka kawo tana magana ne a kan wanda ya gani da idonsa. Mai karanta labarai bai gani ba, ji ya yi, kai ma da ke sauraro a tasha ji ka yi. Idan alamu suka taru mukan ce biri ya yi kama da mutum, kuma ka lura "kama" aka ce. Buhun da aka samu a bayan motar direba na iya zama na fasinjan da ya sauka a Jibiya ya manta, ko wanda ya gudu ya bari da ya hango shingen jami'ai. Zargi na bakin jama'a ne, tuhuma kuma sai an gurfanar da mutum an karanta masa laifinsa. Har zuwa ranar da alƙali zai yanke hukunci, sunansa wanda ake zargi, kuma da kai ne a gaban kotun, da haka za ka so a kira ka a rediyon da iyalinka ke sauraro.