Ku Tambaya Mu Amsa: Wane soso zan sa a sabon allona na hawan igiyar teku?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni ɗan Damagaram ne daga unguwar Birni amma a Dakar nake karatu, can na koyi wasan nan na hawan igiyar teku a kan allo a bakin ruwan Yoff. To kafin in taho hutu allon ya karye gida biyu, yanzu mai sassaƙawar ya turo min saƙo a WhatsApp wai in zaɓa, PU da poliyesta ko EPS da epoksi, ni kuwa wallahi ban gane komai ba, a gida ma dariya ake ta min wai me ya haɗa ɗan Birni da teku. Don Allah a taimaka kar kuɗina su tafi a banza.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Bar su su yi dariya, mu da ba mu san wani allo ba sai na makaranta, ruwa kuma sai na tafki in damina ta yi kyau.

Allon nan soso ne a ciki, a naɗe shi da yadin gilashi a shafe da rezin, wato danƙon da ke bushewa ya yi tauri. PU da EPS nau'o'in soson ne, poliyesta da epoksi kuma nau'o'in rezin ɗin ne. PU shi ne tsohon hannu, shi aka fi amfani da shi har Disamban 2005 da kamfanin Clark Foam na Kalifoniya ya rufe kwatsam, masu sassaƙa da yawa suka koma neman EPS. Shi EPS ɗin ka san shi sarai, farin abin nan ne mai ƙananan ƙwayoyi da ake cusawa a kwalin sabuwar tele ko firigo.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: poliyesta ba ya shiri da EPS ko kaɗan, cinye shi yake ya narkar da shi kamar yadda esansi ke yi wa farin soson kwali. Epoksi kuwa yana zama a kan duka biyun. Shi ya sa kafin ka ba mutumin amsa sai ka fara tambayar wanda zai riƙa yi maka gyara a Yoff ɗin wane rezin gare shi, don allo dole wata rana ya bugu, in naka EPS ne kuma mai gyara ya ɗauko poliyesta ya zuba a ramin, to ƙaramin rami ya zama rijiya kana tsaye kana kallo.

EPS da epoksi ya fi sauƙin nauyi, ya fi tasowa saman ruwa, yana da daɗi a ƙananan igiyoyi, kuma bai cika lotsawa ba. Amma in ya huje ruwa yake sha kamar raƙumi, dole ka fito nan take ka bar shi ya bushe kafin a like, sannan ba ya son zafi, iskar da ke cikin soson kumbura take ta ɓamɓare fatar. PU ya ɗan fi nauyi, nauyin nan ne ke sa shi ya zauna daram in iska ta hargitsa ruwa, gyaransa kuma ya fi araha da sauri.

Ni da ni ne, ɗalibi mai lissafin kowace jika, PU zan ɗauka. Kuma tunda naka karyewa ya yi, maganar yadi ta fi maganar soso muhimmanci. Yawancin gajerun alluna ana sa musu yadi mai awo 4 (lambar nauyin yadin ke nan, 6 ya fi 4 kauri) ninki biyu a sama, ɗaya a ƙasa, kai ka ce a sa maka 6 da 4 a sama, 6 a ƙasa, sannan siririn katakon da ke ratsa tsakiya a yi shi da ɗan kauri. Zai ƙara nauyi kaɗan, ba komai.

Kar kuma zumuɗi ya sa ka ɗoro shi saman kar ka kawo Damagaram don ƴan Birni su gani, zafin Afrilu a nan wuce digiri 40 yake. Ka bar shi a Dakar cikin ɗaki, a inuwa, cikin jakarsa.