Filin Tambaya da Amsa: Wa Zan Saurara Bayan Nick Drake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Zariya. Watannin baya na ci karo da waƙoƙin wani Bature mai suna Nick Drake, wanda yake rera waƙa da murya ƙasa-ƙasa yana kaɗa jita, kuma tun daga lokacin su ne abokan hirata a karatun dare. Damuwata ita ce faifansa uku ne kacal, har na haddace su. Idan na nemi makamantansa a manhajar sauraren waƙa, sai ta jero mini mawaƙan da ko kaɗan ba sa ratsa ni. Don Allah wa zan saurara bayansa?

Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki ta faranta mini rai, domin mutumin da kike magana a kansa ya bar duniya ba tare da ya san cewa wata rana za a saurare shi a Zariya ba. An haifi Nick Drake a 1948, ya tashi a wani ƙauye a tsakiyar Ingila, ya bar Jami'ar Cambridge bai kammala ba saboda waƙa, sannan ya fitar da faifai uku tsakanin 1969 da 1972, waɗanda ba su yi kasuwa ba a lokacin. Ya rasu a watan Nuwamban 1974 yana da shekara 26, bayan doguwar jinyar ciwon damuwa. Sai a 1999, da kamfanin motoci na Volkswagen ya sa waƙarsa a cikin talla, jama'a masu yawa suka farga da shi.

Dalilin da ya sa manhaja take ba ki kunya shi ne, tana duba abin da sauran masu sauraro suka kunna tare da shi, sai ta haɗa shi da duk wani mai jita da sanyin murya. Ba ta san abin da ya kama zuciyarki ba, don haka ke ce za ki fara tantance shi, tunda faifan nan uku ba iri ɗaya ba ne. Na farko, Five Leaves Left, yana ɗauke da gogen Turawa da abokinsa Robert Kirby ya tsara mafi yawansu. Na ƙarshe kuwa, Pink Moon, a dare biyu aka naɗe shi, bai kai rabin awa ba, kuma in ban da ɗan fiyano a waƙa guda, babu komai a ciki sai shi da jitarsa. Kunnen Bahaushe bai rasa sabo da irin wannan ba, domin Ɗan Maraya Jos ma shi kaɗai yake zama da kuntiginsa ya cika wuri.

Idan wannan kaɗaicin ne ya riƙe ki, to ki fara da Jackson C. Frank, kuma a ganina babu wanda ya fi shi cancantar lokacinki. Ba'amurke ne da gobara ta ƙona shi a makarantarsu yana ɗan shekara 11, gobarar da ta hallaka abokan karatunsa 15. Da ya girma aka biya shi diyya, sai ya tafi Landan, inda ya yi faifai ɗaya tilo a 1965 ƙarƙashin kulawar mawaƙi Paul Simon. Nick Drake da kansa ya riƙa rera waƙoƙin Frank yana naɗa a gida, wato idan kika saurare shi, kin je rijiyar da gwaninki ya sha ruwa. Muryarsa ta fi ta Drake kauri, kuma alhinin da ke cikinta a fili yake, ba ya ɓoye shi. Daga nan sai Sibylle Baier, Bajamushiya da ta naɗi waƙoƙinta a ɗakinta a farkon shekarun 1970 ta ajiye, ba su fita ba sai a 2006, bayan ɗanta ya tattara su.

Idan kuma salon yatsunsa ne yake burge ki, ki sani cewa Drake ba ya ɗaure tsirkiyoyin jitarsa yadda aka saba, yana sassauta wasu yana ƙara wa wasu ƙarfi, abin da ya sa amonsa yake da wuyar kwaikwayo. A wannan fanni ki nemi Bert Jansch, mutumin Sikotilan, musamman faifansa na farko na 1965, da kuma John Martyn, aminin Drake, wanda ya rubuta waƙar Solid Air dominsa, ta fito a 1973. Sai dai Martyn yakan karkata zuwa kiɗan jaz, yana jan kalmomi har su narke, don haka ba kowane faifansa ne zai ba ki natsuwar da kike nema ba. Mutane da yawa za su ambata miki Elliott Smith da Leonard Cohen. Dukansu gwanaye ne, amma Cohen ƙarfinsa a baiti yake, Smith kuma zafin ransa ya fi fitowa fili, saboda haka ki ɗauke su a matsayin maƙwabta.

Hanyar da ni kaina na fi amincewa da ita ita ce bin sunayen da aka rubuta a bayan faifai, wato wanda ya kula da naɗin, da wanda ya tsara kiɗan, da makaɗan da suka taya. Joe Boyd, wanda ya kula da naɗin faifan Drake biyu na farko, shi ne ya kula da faifan mawaƙiya Vashti Bunyan na 1970, kuma Robert Kirby ya sa hannu a cikinsa. Ita ma ba a saye shi ba, ta jingine waƙa kusan shekara 30 kafin a sake fitar da shi a 2000. Wannan zaren kuma yana biyowa har nahiyarmu. Danny Thompson, wanda ya kaɗa wa Drake babban gogen nan mai amon ƙasa, ya yi aiki da marigayi Toumani Diabaté na Mali a faifan Songhai na 1988, kuma kamfanin Hannibal na Joe Boyd ne ya fitar da shi, tare da faifan Kaira, inda Toumani yake kaɗa kora, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, shi kaɗai. Tunda kin iso Mali, kada ki wuce Boubacar Traoré, mutumin Kayes, wanda bayan rasuwar matarsa a ƙarshen shekarun 1980 ya tafi Faransa aikin gini, kuma kewarta ta zauna a cikin muryarsa da jitarsa. Ba sai kin ji harshensa ba kafin jikinki ya yi sanyi.

Ina roƙonki abu ɗaya, 'yar'uwa, tunda kin ce da dare kike sauraro: idan kika lura waƙoƙin nan suna ƙara miki ƙunci maimakon su rage shi, ki ajiye su na ɗan lokaci, ki yi magana da wani naki ko likita.

Na bar miki mafi kusa da Drake a ƙarshe. Mahaifiyarsa, Molly Drake, takan tsara waƙoƙinta tana rerawa da fiyano a falonsu, mijinta yana naɗa a shekarun 1950, ba da nufin sayarwa ba. An fitar da su ga jama'a a 2013, shekara 20 bayan rasuwarta. Ki saurare su a daren da kika sake kunna Pink Moon, za ki ji inda ɗan ya ɗauko muryarsa.