Karatun muhalli a KNUST yawon daji ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko karatun muhallin da ƙanwarka ke so a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Kumasi a Ghana, yawon daji ne kawai. Ko kusa. A dajin Bobiri, kusa da Kumasi, masu bincike kan sa wa bishiya lamba, su auna kaurinta, su dawo bayan shekaru su sake aunawa. Da haka ake gane wace iri fari ke kashewa, wace ke jurewa. Har malam-buɗe-littafi suke ƙidayawa.

Ga galamsey kuma, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Dubi kogin Offin, ruwan ya koma kamar kunu, abin na ƙona min rai. Sai an auna zaibar da ke ciki kafin a san girman ɓarnar.

Bar ta ta nema, amma ta dage da lissafi, don ƙididdiga ta yi yawa a aikin.