Ɗana ya fara magana da irin muryata

Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu.

Shekarata 43, 'ya'yana uku: maza biyu masu shekara 14 da 9, sai autarmu mace mai 5. Dattijo ne ni a ikilisiyarmu. Marigayi mahaifina mai bi ne na gaske, amma yana da zafi, in ya shigo gida kowa sai ya sha jinin jikinsa. Na yi alkawari ba zan zama kamarsa ba. Makon jiya na ji ɗana na tsakiya yana daka wa ƙanwarsa tsawa don ta zubar da ruwa, yana ce mata "ba ki da amfani". Kalmomina ne, har yadda nake jan murya, ni kuma daga bakin mahaifina na ɗauko su. Babban kuwa ya daina zama inda nake. Lokacin addu'ar iyali gangar jikinsa ce kawai a wurin. Wani ɗan'uwa ya karanta mini Fitowa 20:5, inda aka ce Allah yakan hukunta 'ya'ya saboda laifin ubanninsu, ya ce la'anar gado ce, sai an yi azumi an karya ta. Haka ne, Mama? In barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ashe ba mu da mafita?

Uban yara uku

Ɗana, alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Ba la'ana ba ce. Ayar da aka karanta maka tana cikin umarni a kan bautar gumaka, hukuncin kuma na waɗanda suke ƙin Allah ne. Ka buɗe Ezekiyel 18 ka karanta duka. A can Allah ya hana Isra'ilawa karin maganar da suke yi cewa ubanni sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Daga aya 14 zuwa 17 an kawo ɗan da ya ga zunuban ubansa, ya yi tunani, ya ƙi aikata su, aka ce zai rayu. Sarki Ahaz ya rufe ƙofofin Haikali, ɗansa Hezekiya ya buɗe su a watan fari na shekarar farko ta sarautarsa (2 Tarihi 28:24 da 29:3).

Abin da yake bin gida koyi ne, kuma yana da ƙarfi ƙwarai. Cikin 'ya'yansa biyu, Ishaku ya fi son Isuwa a kan Yakubu. Yakubu, wanda ya ɗanɗani zafin wannan, da ya haifi nasa sai ya fifita Yusufu a kan 'yan'uwansa. Mutum yakan ƙi abu da zuciya ɗaya, amma in ya gaji ko ya fusata, bakinsa ya koma ga abin da kunnensa ya saba ji. Ka yi azumi in kana so, yana da kyau, sai dai harshe yana bukatar sabon koyi, yaranka kuma suna bukatar ganinsa da idonsu.

Ka fara da neman gafara, cikin makon nan. Kowane yaro shi kaɗai, babban da farko, ba a gaban ƙannensa ba, ba kuma a tsakiyar addu'ar iyali ba. Ka faɗi ainihin abin da ka yi: "Na sha ce maka ba ka da amfani. Ƙarya ce, kuma zunubi ne a gaban Allah. Ka gafarta mini." Minti biyu ya isa. Inda iyaye suke ɓata wannan shi ne kalmar "amma". Da zarar ka ce "amma kai ma ba ka jin magana", ka mayar da laifin kansa, ya kuma gane faɗa ne ya sake riga. Kada ka juya zancen ya zama wa'azi, kada kuma ka tsare shi sai ya ce ya yafe. Ɗan shekara 14 zai iya yin shiru, ko ya ce "to" ya tashi. Ka bar shi. Yana jira ne ya ga ko wata mai zuwa kana nan a kan maganarka.

Na tsakiyan kada ka hukunta shi don kalmomin nan. Ka ce masa daga wurinka ya ji su, ba su da kyau, sa'an nan ku je wurin ƙanwarsa tare, kai ka fara ba ta haƙuri, shi ya biyo. Na san maza suna tsoron wannan zai jawo raini. Abin da yake jawo raini shi ne yaro ya ga ubansa yana koyar da tuba ranar Lahadi, a gida kuwa bai taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba.

Sai fushin kansa. Na mako biyu, duk lokacin da ka ɗaga murya ka rubuta ƙarfe nawa ne, me ya faru, da yunwa ko gajiya kake ko a'a. Za ka ga yana da lokutansa, sau da yawa dawowa daga aiki da safiyar Lahadi ana shirin sujada. Ka sa wa kanka doka: minti 20 na farko bayan ka shigo, babu sauraron ƙara, babu hukunci. In ka ji muryarka tana hawa, ka ce "za mu koma kan maganar nan bayan minti 10", ka fita. Lalle ne ka koma, in ba haka ba ka bar wani rami ka faɗa wani. An rubuta game da Adonaija cewa ubansa, Sarki Dawuda, bai taɓa tsawata masa ba (1 Sarakuna 1:6), ƙarshensa ya tashi neman kursiyin ubansa. Afisawa 6:4 ta haɗa biyun a aya ɗaya: kada a tsokani 'ya'ya su yi fushi, a kuma goye su da horo da gargaɗin Ubangiji. Kolosiyawa 3:21 ta faɗi sakamakon tsokanar, wato yaro ya karai. Wannan ne kake gani a babbanka.

Ku zauna da maman yara ku tsayar da dokoki uku ko huɗu kawai, kowace da hukuncinta, yara su san su tun kafin a karya. Zubar da ruwa tsautsayi ne, maganinsa tsumma. Ƙarya da ƙin umarni da gangan su ne na horo. Ko a nan ma aikin za ka kira da sunansa: "abin da ka yi ƙarya ne" daban yake da "kai maƙaryaci ne". Ka ba matarka kalma ɗaya da za ta faɗa in ta ga ka fara zafi, ka kuma yi shiru in ta faɗa. Yadda kake amsa mata, 'ya'yanka maza suna haddacewa don matansu.

Addu'ar iyali kada ta wuce minti 10: 'yan ayoyi, tambaya ɗaya, addu'a. Kada ka shigar da faɗa cikin addu'a, irin "Ubangiji, ka shiryi yaron nan mai taurin kai". Babbanka ya ji ka ambaci sunansa da godiya. Ka ware masa awa ɗaya a mako, ku yi wani aiki kafaɗa da kafaɗa, gyara ko tafiya, ba tambayar makin jarrabawa. Samari sun fi buɗe baki in ba a zuba musu ido ba.

Ba ka ambaci duka ba. In tsawar takan kai ga dukan da yake barin tabo, ko mamarsu ma tana tsoronka, kada ka tsaya kan wasiƙar nan. Ka je wurin fastonka ka faɗa masa kome, ku nemi ƙwararren mai ba da shawara. In ya ce ka ɗan ajiye aikin dattijo sai gida ya daidaita, ka yarda, 1 Timoti 3:4-5, wadda ta ce shugaban ikilisiya ya iya mallakar gidansa da kyau, tana tare da shi.

Za ka sake zamewa, wataƙila kafin mako ya zagayo. Ran da ta faru, ka nemi yaron kafin ya kwanta, ka ba shi haƙuri a gajarce, ka rubuta a takardarka. Bayan wata uku ka ƙirga, ka tambayi matarka ko lissafinta ya zo ɗaya da naka.

Mama