Amsa kan baƙar fata a tsofaffin finafinan 'yan sanda da ɓarayi

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a tsofaffin finafinan Amurka na 'yan sanda da ɓarayi da wuya ka ga baƙar fata, in ma ka gan shi to direba ne ko ɗan aike, kuma ko akwai fim ɗin da ya fita zakka. Na fi shekara 20 ina bin waɗannan finafinai, tun zamanin kaset, kuma wallahi idonka bai yi maka ƙarya ba.

Ni yanzu na daina ƙirga fuskoki. Abin da nake lura da shi shi ne, wa aka ba ikon yin tambaya? Domin a fim ɗin bincike, mai tambaya shi ne mai hankali, shi ake saurara, shi ake yarda da maganarsa. Ɗauki Charlie Chan, ɗan sandan ciki ɗan asalin Sin da ke aiki a Honolulu. Shi an ba shi basira, amma daga 1931 wanda ke fitowa a matsayinsa Warner Oland ne, haifaffen Suwidin. Da ya rasu a 1938 sai aka ɗauko wani Baturen, Sidney Toler. A finafinan shekarun 1940 kuma aka haɗa shi da direba baƙar fata, Mantan Moreland, wanda aikinsa shi ne zare ido da rawar jiki duk sanda aka ga gawa. Moreland gwani ne na gaske, shi ya sa abin ke yi mini ciwo: mutum mai irin wannan baiwa, amma tsoro kaɗai aka bar masa ya nuna.

Ba haka kawai abin ya faru ba. Daga 1934 aka tsaurara ƙa'idar tace finafinai ta Hays, wadda ta hana nuna soyayya tsakanin fari da baƙi. A wasu biranen Kudancin Amurka kamar Memphis kuma, masu tace fim kan datse wuraren da baƙar fata ya fito da mutunci. Mai zuba kuɗi ba ya son asara, sai ya bar baƙaƙen fata a gefe.

In kana neman wanda ya juya lamarin, nemi In the Heat of the Night na 1967. Sidney Poitier ne ɗan sandan ciki Virgil Tibbs daga Filadelfiya, wanda aka kama a tashar jirgin ƙasa ta wani ƙaramin gari a Misisipi bisa zargin kisa, don kawai baƙi ne kuma da kuɗi a aljihunsa. Daga baya shi ya karɓi binciken. Akwai wurin da ya je yi wa wani attajiri mai gonar auduga tambayoyi a ɗakin renon furanninsa. Attajirin ya ji zafin a ce baƙi ne ke titsiye shi, ya wanke shi da mari. Kafin ka ƙifta ido Tibbs ya rama. Da kawuna na fara kallonsa, dattijo ne da ba ya cika magana. Sai da ya ajiye kofin shayinsa ya ce in mayar da kaset ɗin baya. Sau uku muka kalli wurin, bai ce uffan ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, kuma yawancinsa a jihar Ilinoi da ke Arewacin Amurka aka ɗauka, domin Poitier bai so ya je Kudu aiki ba.

Kada ka ɗauka kafin nan baƙaƙen fata sun naɗe hannu. Oscar Micheaux ya shirya Murder in Harlem tun 1935, Harry Belafonte kuma da kamfaninsa ya yi Odds Against Tomorrow a 1959, labarin fashin banki da ƙiyayyar launin fata ta wargaza. Ka fara da na Poitier, sannan na Belafonte. Na Micheaux hotonsa ya dushe, sautin ma sai ka kasa kunne sosai, amma ka daure ka kai ƙarshensa.