Ga 'yar'uwar da aka ce ta bar batun matan Moriskawa

Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce malamin da ke duba aikinki na digirin digirgir ya ce ki bar batun matan Moriskawa, wato Musulmin Sifaniya da aka tilasta wa shiga Kiristanci da zuriyarsu, wai ba majiya, kuma ba aikin yi a gaba, kina tambaya ko ki canza. Ni ma an gaya mini haka, kuma a bainar jama'a.

Ranar da na gabatar da tsarin bincikena, ɗaki cike, ina da cikin wata bakwai. Ban gama shafi na biyu ba wani farfesa ya katse ni, ya ce, "Malama, wannan tarihi ne ko hirar tsakar gida? Lalle da wankan gawa?" Aka fashe da dariya, har da ɗaliban da nake koyarwa. Malamina yana zaune kusa da shi, ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Wallahi shirun nan ya fi mini zafi. Shi ya karanta aikin, shi ya ce in kawo. Na fito na zauna cikin mota na yi kuka har la'asar. Shekara ɗaya da rabi ban ƙara taɓa takardun ba. Farfesan kuwa har yau in mun haɗu a taro gaishe ni yake da fara'a, ya manta. Ni ban manta ba.

Abin da ya raina ɗin nan, shi ne tarihin. Ki duba dokar Sarki Filib na Biyu ta 1567 a kan Moriskawan Giranada, a kudancin Sifaniya: ta hana Larabci, ta hana mata rufe fuska da sa lalle, ta rufe gidajen wanka, ta ce a bar ƙofofin gida a buɗe ranar Juma'a. Me ya kai sarki ga lalle? Ai tun da aka tilasta musu baftisma masallatai suka tafi, addini ya koma cikin ɗaki, hannun uwa da ungozoma da mai wankan gawa. Su ke wanke man baftisma daga kan jariri a raɗa masa suna a ɓoye. Hukuma ta san haka sarai. A 1568 tawayen Moriskawa ya ɓarke a tsaunukan Alfuharas, daga 1609 zuwa 1614 kuma aka kori kusan mutum 300,000 daga Sifaniya.

Maganar ba majiya kuwa, ba gaskiya ba ce. Takardun kotun binciken addini, wadda ke tuhumar masu yin Musulunci a ɓoye, suna nan jibge a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Madrid, akwai kuma na garin Kuwenka. Sai dai ki yi hattara, 'yar'uwa. Matar da ke magana a ciki a tsorace take, wani lokaci bayan azaba, kuma maƙiyinta ne ke riƙe da alƙalami. Akwai daren da na karanta yadda wata ta ambaci sunan maƙwabciyarta, na kasa cin abinci. Ki shirya wa wannan, ba wanda ya shirya ni.

Ki fara da harshe tun yanzu, kada ki yi irin nawa. Sifaniyancin yau bai isa ba, rubutun hannun magatakardan ƙarni na 16 karatu ne daban, wata shida ina fama kafin in iya shafi guda. Amma mu da muka tashi da allo muna da wata riba. Moriskawa sun rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, ana kiransa alhamiyado, asalin kalmar ɗaya da ajaminmu. A 1884 aka gano tarin irin waɗannan littattafai ɓoye ƙarƙashin daɓen wani gida a Almonasid, cikin yankin Aragon. Ranar da na fara ganin hotonsu idona bai yi baƙunta ba.

Ki kuma zauna da maigidanki ko iyayenki ku yi maganar kuɗi da reno tun kafin tafiya ta taso. Nawa yaron na bar wa mahaifiyata har tsawon wata goma, har yanzu abin na cina.

Aiki kam yana da wuya, ba zan rufe ki ba, na yi shekaru ina koyar da darussan da ba nawa ba. Amma waɗanda suka canza maudu'i don tsoro ma ba su huta ba. Ki nemi malami na biyu, ko daga waje ne, wanda zai buɗe baki in an taso miki. Sannan ki gaya mini yankin da kika zaɓa, domin matan Balensiya da yawa Larabci suke yi, sai da tafinta a kotu, na Aragon kuwa ba haka ba.